Tukwanen Tumfafiyar Mu'minat

Ƙarfe bakwai na safiyar wata Talata a watan Maris, Mu'minat ta fita barandar gidansu a unguwar Pantai Dalam, a Malesiya, ta ƙirga tsutsotsin da ke cin ganyen tumfafiyarta. Goma sha ɗaya. Ƙarfe takwas ta hau bas zuwa jami'a. Ƙarfe ɗaya ta turo wa mahaifinta, Malam Na'Allah, taswira a waya: malam-buɗe-littafin nan masu ruwan lemo sun taso daga duwatsun Meziko, sun nufi arewa. Ƙarfe shida ta dawo da shinkafa daga mamak, gidan abincin unguwa, ta ce kanta na sarawa. Kwana biyar bayan haka zazzaɓin dengi ya tafi da ita, tana da shekara ashirin da huɗu.

Ilimin ƙwari take karantawa. Masu ƙaurar Meziko ba su zuwa Malesiya, amma danginsu na nan, kuma ganyen tumfafiya suke ci. Ranar da ta shigo da tukwane uku na tumfafiya, mahaifinta ya ce, "Uwata, abin da ke fitowa a juji a Kano shi kika sayo da kuɗi?"

"Baba, a can juji ne. A nan digiri ne."

Bayan addu'ar bakwai mai kula da ginin ya hawo. Ya yi ta'aziyya, sannan ya ce a kwashe tukwanen kafin Asabar: za a yi feshin sauro, kuma maƙwabta na cewa daga nan cutar ta fito.

Malam Na'Allah ya ɗaga tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashinsu a bushe. Ya buɗe masa littafinta, inda ta rubuta kowace ranar da ta duba ko ruwa ya kwanta.

"Ku yi feshinku, ban hana ba," ya ce. "Amma ba za a ɗora wa 'yata laifin mutuwarta ba. Tukwanen nan ba inda za su."

Ranar Asabar ya shigar da su ɗakinta ya toshe tagogi, da hayaƙin feshin ya lafa ya mayar da su baranda. Tara daga cikin tsutsotsin suka yi fuka-fukai.

Mahaifiyarta, Hureira, ta wanke tufafinta ta kai sadaka masallaci. Littattafai aka ba Caroline, abokiyar karatunta 'yar Jos. Tukwanen suna baranda, inda duk mai wucewa zai gan su daga ƙasa.