Alhaji Ya Yi Ƙwai

Jama'a, yau da hantsi Alhaji ya yi ƙwai.

Ku dakata tukuna. Ina nufin akun Hajiya Ramatu, mai gidan da nake haya a unguwar Maamobi. Shekara tara ke nan da aka kawo mata shi daga arewa. Da ta ga jan gashi a goshinsa kamar jar dara, sai ta sa masa sunan marigayi mijinta. A lokacin ta tambaye ni ko namiji ne, tunda ni ne tichan gidan. Na ce tabbas. Ban duba ko shafi ɗaya ba.

Yau ga farin ƙwai a keji. Na buɗe waya. Ashe irin akun nan ne mai launin ƙasa a wuya, wanda ba kasafai ake ganinsa ba. Masana ma ba su gama saninsa ba. Amma abu ɗaya sun yarda da shi: in sun girma, jan goshin na mace ne.

Sai ga Baba Issah, ƙanin marigayin. Ya ce, "Ei, Hajiya, wannan ai cin mutunci ne! Yau tsuntsun nan zai bar gidan yayana. A kai shi kasuwar Circle a sayar."

Na ce, "Baba, kuskuren nawa ne."

Ya ce, "Ticha, za mu zo kanka."

Hajiya ta daɗe tana kallon ƙwan. Can ta ce, "Ba inda za ta. Dama na yi mamaki. Shekara tara ina magana ana saurarona har in gama. Yayanka bai taɓa yi ba."