Shekarar da Na Zaci Ciki Ne Ya Kwanta Mini

Cikin al'amuran da suka same ni a zaman duniya, akwai guda da ba zai gushe daga zuciyata ba muddin ina numfashi. Ya faru ne a gidanmu na Kwarbai, shekarar da 'yata ta fari ta dawo gida goyon ciki.

A lokacin ina gab da cika hamsin. Al'adata ta soma yi mini wasa, ta zo wannan wata, ta tsallake na gaba, daga bisani ta ɗauke ɗif. Wani zafi kan taso mini daga ƙirji ya mamaye fuska, gumi ya jiƙa ni sharkaf ko da ana sanyi. Abu kaɗan sai ya fusata ni. Da na shaida wa yayata a asirce, sai ta kama haɓa.

"Ai ciki ne, ƙanwata. In bai motsa ba, to kwanciya ya yi. Ke da 'yarki za a haɗa muku tukunyar wanka ke nan."

Ita raha take yi, ni kuwa tun daga ranar abinci ya daina mini daɗi. A tarbiyyarmu, uwa ko sunan 'yar fari ba ta ambata saboda kunya, balle ta yi jego tare da ita a idon surukai. Na ƙaurace wa biki da suna, na koma lulluɓa da babban mayafi ko a tsakar gida.

Ranar da na raka yarinyar awo, na jira har ta fita, sa'an nan na matsa kusa da malamar asibitin na faɗa mata cikin raɗa. Ta sa aka yi mini gwaji, aka ɗauki hoto.

"Hajiya, babu ciki, babu kuma ciwo," in ji ta. "Al'ada ce take ban kwana da ke. Sinadaran da ke tafiyar da ita ne suke raguwa, su suka kawo zafin da saurin fushin."

"To, kwantaccen fa?"

Ta yi murmushi. "Ko na kwance ne, Hajiya, da na'ura ta gan shi."

Na fito ina hamdala, jikina sakayau. Da yarinyar ta sauka lafiya, ni na tsaya a kan jegonta da hannuna, kaina a ɗage.

Wannan ya koya mini cewa kunya ado ce ga mace, amma ba a kai ta gaban mai magani. Yau duk ƙanwar da na ga tana fifita da gefen mayafi cikin sanyi, nakan ja ta gefe mu yi magana.