Kujerar da Baba Ya Haɗa Don Ta Karye

Shekara talatin Babanmu yana aikin kafinta, yana bugun ƙirji cewa kujerarsa ba ta taɓa karyewa ba. Da na fara karatun wasan kwaikwayo a jami'a, cewa ya yi, "Wasa ma sai da digiri?"

A shekarar ƙarshe na roƙe shi kujerar da za ta wargaje idan ɗan wasanmu ya zauna. Kwana uku yana faɗa, wai zan zubar masa da mutunci, sannan ya ɗauki zarto.

Ranar jarrabawa, gaban malamai da 'yan kallo, kujera ta watse daidai lokacin. Baba ya zabura ya miƙe, hula a hannu, yana ihu: "Aikina ne! Wallahi ni na haɗa ta!"