Birkin Rabo da Dabinon Ghuddwa

Rabo direba ya baro Agadas ya sauka Sabha a shekarun da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, ya kama jigilar fasinja zuwa Ghuddwa. Abin tinƙahonsa a duniya biyu ne: wai bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, sai kuma 'yarsa Balkissa da ke karatun shari'a a jami'a. Ya sa ta ne don ya gaji da 'yan shurɗa, wato 'yan sandan can, masu juya masa takardu yana zare ido.

To, a Ghuddwa al'ada ce, dabinon da ya faɗo ƙasa na mai wucewa ne, na sama kuwa na mai gona. Rabo bai taɓa miƙa hannu sama ba. Shi dai duk kaka, in zai juya mota a bakin gonar wani dattijo Haj Hamed, sai ya yi ta baya-baya har motar ta daki bishiya, dabino ya zubo ya kwashe. Shekara tara ana haka.

Ran nan Balkissa na bita a tsakar gida, kwanon dabino a gabanta, tana maimaita cewa laifi ba ya tabbata sai aiki ya haɗu da niyya. Daɗi ya kashe Rabo. Ya kawo mata shari'arsa da bakinsa, don a wanke shi da ilimin jami'a.

"Ni hwa ba ni da niyya, ɗiyata. Birki ne ba shi kamawa."

"A ko'ina, Baba?"

"A bakin gonar nan dai."

"Dabinon a yashi yake zuba?"

"Wane yashi? Ai sai na baza tabarma tukuna."

Balkissa ta dubi dabinon da take ci. Ta mayar da na hannunta cikin kwano, ta ture shi gefe. Kwana uku ba ta taɓa dabino ba, abin ya tsaya wa Rabo a rai fiye da duk wulaƙancin da ya sha a shingayen hanya.

Ya wanke ƙafa ya je ya faɗa wa Haj Hamed komai, yana sosa ƙeya. Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Ya Rabo, kowace shekara ina zaune a inuwa ina kallonka. Na yafe tun ta farko."

Rabo ya buɗe masa ƙofar gaba ta motarsa.

"Haj, ba ni za ka gaya ma ba. Alƙalin na gidana a Sabha, shiga mu tahi."