Balkisa Ta Kai Fatarta Majema

Kakata Hawa ba ta taɓa ba mu tatsuniya haka kawai ba. Sai ta duba ƙaurin kowa tukuna.

A gidanmu na Filinge, lokacin ɗari, in an sauke tukunyar tuwo ba a kashe wutar. Ana tura mata karan hatsi, mu jikoki mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Amma kafin ka zauna akwai doka. Ka wanke fuska da hannu da ƙafa da sabulun salo, a hankali, ban da gurza kamar mai wanke turmi. Da sauran danshi a jikinka za ka shafa man kaɗe, don Kaka ta ce mai a kan busasshiyar fata kamar miya ce a kan dutse. Ƙananan ciki ita ke murje su da kanta, tun daga goshi har diddige. Hannunta kuwa, wallahi da shi za a iya sussuke dami. Lokacin da nake ƙarama, in ta gama da ni nakan ji kunnuwana sun canja wuri.

Mu da muka ɗan tasa mu ke shafa wa kanmu, sai ta gwada. Ta ja farcenta a ƙaurinka. In fata ta sha mai, ba abin da zai fito. In ka yi ha'inci, sai farin layi ya bayyana kamar an ja alli a allon lakkwal, makarantar boko. Wanda layinsa ya fito, shi za a sa a tatsuniyar ranar, da sunansa da na uwarsa. Ni Ramatu, kura ta cinye ni ya fi a ƙirga. An jefa ni rijiya, ungulu ta yi sheƙa a kaina, an musanya ni da gurgun jaki, mai jakin kuma ya dawo yana kuka wai an cuce shi.

Ba mai iya yi mata gardama, saboda shaidarta na a fuskarta. Tsohuwa ce tukuf, amma kumatunta sumul, zanenta na Kurfayawa yana ƙyalli a hasken wuta. Takan ce, "Hwata riga ce wadda ba a kai ma tela. Ku wanke ta, ku ba ta mai, ku ɓoye ta ga rana tsaka, kuma wanda na ga shina matsar ƙurji sai na karya mai yatsa."

A shekarar da nake ba ku labari, Balkisa tana gidanmu. Ɗiyar kawuna ce, daga Sanam aka kawo ta don ta yi kolej. Ta girme ni sosai, kuma kanta na ja. Ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, tana cewa ungozomar asibiti za ta zama. Baƙa ce wuluk, baƙi mai sheƙi. 'Yan ajinsu na ce mata Gindin Tukunya. A gida ma ba ta tsira ba, don in ta zauna nesa da wuta Kaka kan ce, "Balkisa, yi dariya mu san inda kike." Mu kwashe da dariya, ita ma ta ɗan yi.

Ita babba ce, ba a gwada ƙaurinta. Shi ya sa aka daɗe ba a gane ba. Ashe a kasuwa ta samo wani mai a 'yar kwalba mai hoton mace fara sol, tana shafawa a ɓoye safe da yamma. Da farko ta yi haske, har wata maƙwabciya ta ce ruwan Filinge ya karɓe ta. Daga baya sai kumatunta suka yi ja kamar an kwaɗa mata mari, ƙasan idonta ya yi baƙi, ta fara jan hijabi har bisa hanci.

Wani dare Kaka ta gama gwada mu, kowa ya tsira, har ni. Sai ta shinshina iska.

"Mi ke wari hakanga kamar an jiƙa ƙirgi? Ke Balkisa, taho kusa ga wuta."

"Kaka, nan ma ina ji."

"Ni ce ba ni gani. Taho."

Ta zo. Kaka ta kama hannunta ta juya shi a haske. Bayan hannun ya yi ruwan kabewa, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin, kamar hannun mutum biyu aka haɗa. Ta ja farce a damtsenta, ja ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ba farin layi ya fito ba. Ja ne, da 'yan ɗigon jini a jere.

Kaka ta saki hannun, ta gyara zama, ta ce, "Ga ta nan tahe, ba takalmi."

Muka amsa yadda muka saba, "Ta iso mu ga ƙafarta."

Wai an yi wata yarinya, Balkisa ɗiyar Zali, mutuniyar Sanam, wadda Allah ya ɗinka wa riga baƙa mai kauri, rana ba ta huda ta, ƙaya ba ta keta ta. Sai ta ga farar akuya ta ce ita ma irin wannan take so. Ta tafi wajen majemi, ta tuɓe fatarta daga wuya har ƙafa, ta miƙa masa ta ce ya mayar da ita fara. Majemi ya ce shi fatar matattu yake jima. Ta ce ba ruwansa. Ya tsoma ta a ruwan toka, ya karce, ya sake tsomawa, ita kuwa tana tsugune bayan bukka, jajir kamar naman da aka feɗe, ƙudaje na ɗaurin aure a bayanta. Nan Kaka ta maƙale murya ta rera:

"Majemi, majemi, ba ni rigata,
rana ta hito, ƙuda na bi na."

Da majemi ya miƙo fatar, ta yi fari ƙal, amma ta tsuke, ta yi sirara kamar bayan albasa. Balkisa ta zura ƙafa, fata ta kece. Ta ja ta rufe ciki, baya ya buɗe. Ta ja ta rufe fuska, sai ga haƙarƙari waje. Ƙarshe wani makaɗi ya tsinci ragowar ya ɗaura wa ganga, ko ita ma bugu ɗaya ta fashe. Yarinya kuwa tana nan bayan bukkar majemi har yau, ko kura ta shinshina ta ta ce a'a, ita ba ta cin abin da aka fara ci.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka. "Wanda ya ji zahi shi shafa mai."

Mun yi dariya har ƙanena Sani ya faɗa kan gwangwanin man. Balkisa ba ta yi kuka a nan ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta saki labule.

Innata ta ce a hankali, "Inna, wannan ya yi yawa. Ke ce fa kullum kike ce mata ba a ganin ta cikin duhu."

"Ni na ce ba a ganin ta. Na ce ta feɗe kanta?"

Waƙa ba ta kwana a gida ɗaya. Da safe yara sun kai ta pampo, kafin kasuwa ta sake ci ta isa kolej. Samarin ajinsu suna buga tebur kamar ganga in ta shigo. Wani ya ajiye mata guntun ƙirgi a kan kujera. 'Yan matan da suka nuna mata inda ake sayar da man su suka fi kowa ɗaga murya, don kada a dubi nasu yatsun.

Innata ta jefa kwalbar a masai, ta kai Balkisa wajen likita. Abin da ya faɗa kusan maganar Kaka ce, sai dai shi bai sa kura a ciki ba: ta bar man nan, ta riƙa wanka da sabulu marar ƙarfi, ta shafa mai wanda ba a haɗa da komai ba, ta guji rana, ta yi haƙuri, don fuskar za ta ƙara ɓaci kafin ta gyaru. Ta kuwa ɓaci. Ƙuraje suka feso, tabo ya hau tabo. Balkisa ta ce ba ta fita da wannan fuskar a yi mata kiɗa. Mushen ajinsu, wato malaminsu, ya zo har gida, ya tsaya bakin labule yana cewa jarrabawa ta kusa, kan irin nata bai kamata ya tafi a banza ba. Ta amsa daga ciki, "Mushe, ka ce su bar waƙar." Ya ce ya hana. Yana faɗa, wasu yara suna wucewa a bayan dangarmu suna rerawa.

Kawu ya zo ya tafi da ita Sanam a motar kasuwa.

Yanzu ni ce a kolej ɗin, a ajin da ta bari. Goshina ya yi ƙuraje, kai ka ce kunyar gujiya ce. Safe da dare ina wankewa a hankali, in shafa ɗan mai da sauran danshi, in rufa in rana ta take, in zauna kan hannuwana don kada in matsa. Yana aiki, ba zan yi wa tsohuwa ƙarya ba.

Bara mun je suna Sanam na ga Balkisa. Watannin da ta yi a ɗaki ba rana, da man kaɗen uwarta, sun mayar mata da fuskarta, baƙa sumul, ta fi ta kowa a wurin. Awakin kawu take kiwo, tana ɗan saƙa tabarmi. Ta tambaye ni ajin da nake. Da na faɗa sai ta kama haɓata ta juya fuskata ga haske, ta ce, "Kar ki matsa su."

Da muka dawo na ba Kaka labari. Ta washe dasashi.

"Kin gani? Tatsuniyata ta yi abin da allura ba ta yi."

"Kaka, amma ta bar lakkwal fa."

"Huskar ta warke ko ba ta warke ba?"

"Ta warke."

"To. Lakkwal ga huska ake sa ta?"

Da ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar a kan man kasuwa take, kuma har gobe ba zan taɓa shi ba ko da sanda. Amma yanzu in na tuna majemin nan, wanda ya jiƙa, ya karce, ya sake jiƙawa, fata ta fito yadda ake so, mai fatar kuwa aka bar ta bayan bukka, ba mai sayar da kwalba nake gani ba. Wata tsohuwa nake gani mai kumatu sumul, tana tura kara a wuta, mu kuma muna tafa mata.