Malam Sabi'u Mai-Lamba da Golan da Bai Taɓa Tsare Mana Raga Ba

Duk mai bin titin da ya raba Fagge da Sabon Gari da hantsi ya san shagon, ko da bai san sunan mai shi ba. Ɗan ƙaramin shago ne, jesuna rataye a igiya, ja da shuɗi da fari, ga dogon benci a gaba wanda yawan zama ya sa ya yi sulɓi. Malam Sabi'u kan buɗe bayan ya karya, ya yayyafa ruwa a ƙofa ya share, ya jona injin buga lamba ya bar shi ya ɗau zafi. Kafin injin ya shirya sai ya goge bencin nan tas, alhali ya san ba masu ciniki ne za su zauna a kai ba. Mu ne, 'yan majalisar musun ƙwallo, masu wuni muna kore masa kasuwa da hayaniya.

Sana'arsa buga suna da lamba a bayan riga. Ya fara tun zamanin da ake yanka lamba a yadi a ɗinka da keke, ya yi zamanin fenti da kwali, har ya riski na inji. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin idanunsa sun fara yi masa hazo, kuma ya ce ba zai yarda ya buga wa mutum suna a karkace ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Sai mutum ya san majalisarmu kafin ya san irin haƙurin Malam Sabi'u. Akwai Victor mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, haifaffen Kano, wanda ba ya iya musu sai yana bugun gwiwar na kusa da shi. Akwai Nazifi mai adaidaita, wanda kan ga fasinja na ɗaga masa hannu ya kau da kai don kada a gama magana ba shi. Mutanen da ba su san ribar shagonsu ta jiya ba, amma sun san bashin da ake bin kowace ƙungiya a Ingila, da albashin kowane ɗan wasa, da dokar da kan hana baƙon ɗan wasa takardar izinin aiki. In an buɗe kasuwar 'yan wasa kuwa, sai ka rantse daga aljihunsu za a biya.

A irin wannan lokaci ne dokar Malam Sabi'u kan ɓata wa mutane rai. Da an ji ƙishin-ƙishin cewa wane zai koma ƙungiya kaza, sai samari su rugo da sabuwar jesi a buga musu sunansa. Shi kuwa sai ya ce, "Sai ya taka fili." Ba ya ƙari, ba ya ragi, ko da ciniki zai wuce shi. Victor ya taɓa yin fushi ya kai tasa wani shago aka buga masa, sai ga shi an hana ɗan wasan izinin aiki, cinikin ya wargaje. Ya dawo da rigar a ƙunshe cikin leda yana roƙon a ɓare masa sunan. Malam bai yi dariya ba, mu muka yi masa tasa har da ƙari.

Ba don wannan nake jinjina masa ba. Wani abu ne ya faru shekarun baya, ban kuwa kasance a wurin ba a ranar farko. Daga bakin waɗanda suka gani na tattara.

Wata ƙaramar ƙungiya ta nan Fagge ta samu hawa zuwa rukuni na gaba, sai shugabanninta suka ji kansu ya yi girma. Suka ɗauko 'yan wasa biyu daga Kamaru: gola mai suna Cyprian da ɗan gaba mai suna Harrison. Aka kama musu ɗaki a Sabon Gari, gidan wata mai sayar da abinci, Nkechi, wadda kowa ke kira Maman Munachi. Sai dai ƙungiyar ba ta kammala musu takardu ba, aljihunta ya riga ya fara yin sanyi. Ba izinin aiki, ba rajista, ba kuma wasa. Aka fara kakar wasa aka yi nisa, yaran na zaune a ɗaki suna jiran gobe.

Wata safiya Nkechi ta zo karɓar rigunan wasannin makarantar 'yarta. Ta karɓa amma ba ta tafi ba.

"Malam, akwai abin da ke damuna," in ji ta. "Yaron nan na gidana, golan, ya daina cin abinci. In kai masa, in dawo in tarar da kwano yadda na ajiye. Wani mutum yana ta zuwa wurinsu, wai shi dillalin 'yan wasa ne, zai bi da su ta hamada har Turai. Abokinsa Harrison ya riga ya bi shi. Shi ma ya haɗa jaka, wai ƙarshen mako mota za ta tashi."

Malam Sabi'u ya ajiye rigar da ke hannunsa. "Maman Munachi, yana jin Hausa?"

"Yana ji sosai. Cikin Hausawa ya tashi can Bamenda."

Bai ƙara tambaya ba. Ya cire injin daga wuta, ya ja ƙofar shago, ranar kuwa aiki jibge yake a gabansa. Ya bi ta suka tsallaka titi. Nkechi ta ce ta zaci wa'azi zai yi wa yaron, ko ya ba shi labarin gawarwakin da ke cikin rairayi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya yi sallama a ƙofar ɗaki, ya dubi wannan dogon saurayi da ya rame har wuyansa ya fito, ya ce, "Samari, ni tsoho ne, ba na iya cin abinci ni kaɗai. Taso ka raka ni." Kunya ta hana Cyprian cewa a'a.

Suka ci shinkafa da wake a shago. Bayan la'asar majalisa ta cika, ba wanda ya kula da baƙon da ke zaune a ƙarshen benci, don kullum ba a rasa mai jiran riga. Aka gama da Ingila da Sifen, sai aka gangaro gida, kan ƙungiyar unguwa. Nazifi ne ya ba ni wannan ɓangaren, yana faɗa yana rufe fuska.

Victor ya ce, "Kuɗin da aka zubar kan golan nan na Kamaru, da motar ƙungiya aka gyara da shi! Muna da gololi a Fagge, sai an je an kwaso mana wahala?"

Nazifi ya karɓe. "Ai shi kaya ne da kwastam ta riƙe. Yana can yana cin abincin ƙungiya a banza."

"Wa ma ya san ko ya iya kamun?" in ji Victor. "A sallame shi kawai a huta. Ko ba haka ba, abokina?" Yana faɗa yana bugun gwiwar dogon saurayin da ke gefensa.

Malam Sabi'u ya leƙo daga bayan inji. "Victor, ka taɓa ganin golan nan?"

"A ina zan gan shi, Malam, tunda bai buga ba?"

"To gwiwarsa kake ta duka tun ɗazu."

Mutanen da suka san fuskar kowane yaro da ke zaman benci a Landan, ga na unguwarsu sun zauna da shi kafaɗa da kafaɗa ba su gane shi ba. Victor ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Cyprian ne ya fara magana, a hankali. Ya ce, "Ba komai, Oga. Gaskiya ka faɗa, ba wanda ya ga na kama ƙwallo a garin nan."

"To gobe za a gani," in ji Malam. "Bayan sallar asuba, filin firamare. Duk wanda ya yi magana da baki yau, gobe ya zo ya yi da ƙafa."

Wannan karon ina wurin, kuma ban taɓa ganin abin dariya mai sa ƙwalla irinsa ba. Manyan mutane masu tumbi, wani da silifa, wani ya naɗe ƙafar wando, sun yi layi za su buga wa gola. Malam Sabi'u ya iso da leda a hannu, ya ciro rigar gola sabuwa fil, an buga CYPRIAN a baya da lamba ɗaya. Victor, da yake bakinsa ba ya mutuwa, ya ce, "Malam, ka karya dokarka fa. Bai taka fili ba."

"Waɗancan suna da dubban masu kiran sunansu," in ji Malam. "Wannan wata da watanni ba wanda ya kira nasa."

Yaron ya sa rigar ya shiga raga. Nazifi ya zabga ta farko, golan ya kama ta kamar an miƙa masa. Victor ya ja da baya ya taho da gudu, ƙwallo ta tsaya, shi ya faɗi. Har rana ta ɗaga ba wanda ya ci. Muka tashi da ciwon cinya, shi kuma ya koma gida ya cinye duk abin da Nkechi ta zuba masa.

Washegari aka koma, da kashegarinsa. Ƙarshen mako ya zo, dillali ya yi ta kiran waya, wayar na cikin takalmi a bayan raga, mai ita yana ta shawagi a iska. Mota ta tashi ba shi. Daga nan majalisa ta mayar da musunta aiki. Victor da Nazifi suka riƙa sintiri wurin shugabannin ƙungiya kan maganar takardu, Malam Sabi'u na biye da su, zama kawai yake yi yana kallon mutum har ya ji nauyi.

Na so a ce zan rubuta cewa izini ya fito, Cyprian ya tsare mana raga muka ɗau kofi. Ba haka ta kasance ba. Ƙungiyar ta durƙushe kafin ƙarshen kaka, takardu ba su kammalu ba. Da wa'adin zamansa ya kusa cika, Malam ya zaunar da shi ya ce, "Ɗana, koma gida ta ƙofar da ka shigo, kanka a ɗage." Muka raka shi tasha, majalisa guda, har da Nkechi da kular abinci. Yanzu yana Bamenda yana horar da ƙananan gololi, ya yi aure, kuma duk salla sai ya kira Malam ya yi masa barka.

Harrison kuwa, har yau ba labari. Mahaifiyarsa ta samu lambar Nkechi, takan kira lokaci-lokaci ta tambaya ko an ji wani abu. Nkechi ba ta taɓa ƙin ɗauka ba.

Malam Sabi'u, gatan baƙo, kai ne ka rufe shago ranar ciniki saboda yaron da ba danginka ba, ba addininku ɗaya ba, ba ma ƙasarku ɗaya ba. Kai ne ka kunyata mu ba tare da ka zage mu ba, sannan ka ba mu hanyar wanke kunyar. Ba Cyprian kaɗai ba ne. Nkechi ta ce tun daga lokacin, duk baƙon ɗan wasan da ya maƙale a Sabon Gari, ɗan Chadi ne ko ɗan Gana, sai ta ga ka aiko a tambaya ko yana cin abinci. Ba ka taɓa faɗa mana ba, mu da muke zaune a ƙofarka kullum. Muna ƙaunarka, Malam, kuma za mu yi kewarka fiye da yadda bakinmu zai iya faɗa. Allah ya ba idanunka lafiya, ya sa hutun nan ya zame maka alheri, ya saka maka da abin da ya fi.

Ku kuma 'yan'uwana masu musun ƙwallo, daga Fagge har Bata ta Sabon Gari, ban ce ku daina ba, don ni ma ba zan daina ba. Amma in an kawo baƙon yaro ƙungiyar unguwarku, kafin ku yanke masa farashi ku je ku ga ɗakin da yake kwana. Ku san fuskarsa, ku ci abinci da shi, kuma kada ku jira sai mai gidan haya ta kawo ƙara.

Da na gaya wa Malam Sabi'u zan yi wannan rubutu, sai ya ce, "In za ka rubuta, rubuta daidai. Kada ka ce na ceci yaro. Su biyu suka zo garin nan, titi ɗaya ne tsakanina da ɗakinsu. Ɗaya na iske."