Ragon Baffa da Rafin da Ya Ƙi Janyewa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Lafia, mu uku da rago ɗaya, kuma a cikinmu ragon ne ya fi kowa gata. Ni ne, da direban da na ɗauko da motarsa a-kori-kura, sai Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya zo daga can arewacin Katsina. Masu ta tambayata me ya dishe mini murya tun makon jiya, ga amsarku nan.

'Yar Baffa ce ta yi haihuwar fari. Tana aure a wani ƙauye bayan Awe, gab da kogin Binuwai, kuma tun da aka kai ta babu wani nata daga arewa da ya taɓa taka garin. Uwarta ta rasu, Baffa kuwa kullum cewa yake da nisa. Ni da nake kusa na san abin da take haɗiya. Matan gidan ba sa zaginta, sai dai su tambaye ta da murmushi ko danginta sun san hanya. Da Baffa ya ji tana da ciki, sai ya aika mata cewa ragon suna nasa ne, kuma da ƙafarsa zai kawo. Ita kuma ba ta bar kowa a ƙauyen bai ji ba. Dangin mijin suka ce to, ba za su sayi wani ba, za su ɗaga raɗin suna har azahar don mu iso. Idan ragon nan bai isa ba, ƙanwata ba za ta ƙara ɗaga kai a gidan nan ba.

Ragon kuwa balami ne, fari tas, tsayinsa ya kusa kuguna, ƙahonsa ya murɗe ya sake murɗewa. Harawa da dusa ya sani, da yashi mai ɗumi, bai taɓa taka taɓo ba. Na roƙi Baffa mu tafi tun jajibiri mu kwana can, ya ce ragonsa ba zai kwana a danshi ba. Wai danshi! Kamar a Lafia ɗin ba a cikinsa muke ba. Tun da ya sauka gidana yake mita: rigar da aka wanke masa ta ƙi bushewa, kilishin da ya kawo tsaraba ya fara fumfuna, zufa ta hana shi sakat. Ya ce mini, "Ku wace irin ƙasa kuka zaɓa, iska ma a jiƙe take?" Na ce Baffa, ai yayanka ne ya zaɓa, ni haifata kawai aka yi.

Ba mu gama fita gari ba ruwa ya sauko. Baffa ya leƙa sama ta taga, ya ce babu iska babu tsawa, yayyafi ne, yanzu zai ɗauke. A ƙasarsu gaskiyarsa ne: hadari ya taso da ƙarfi, ya zubar da abin da zai zubar, ya wuce, yashi ya shanye, mutum ya fita da takalminsa a bushe. Namu na watan Agusta kuwa ba shi da gaggawa. Zama yake yi, kamar baƙon da ya cire hula ya nemi matashi. Muka lulluɓe ragon da tamfol, amma duk 'yar tafiya sai Baffa ya daki gaban mota ya ce a tsaya ya duba shi. Direba ya dube ni, na kau da kai.

Hanyar Obi a wannan lokaci, wallahi ko ranka a ɓace yake sai ka kalla. Ko'ina kore shar. Tulin doya jere har iya ganinka, ganyenta ya hau sanduna, ga rogo, ga riɗi, ga shinkafa a kwari, ga giginya da kwakwar manja sun tsaya a tsakani. Ciyawar bakin hanya ta fi motar tsayi. Baffa ya dinga salati yana cewa duk wannan abincin dabbobi a banza, da a garinsu ne da tuni an yanke an ɗaure an ɗora a kan rumfa. Da ya hango awakinmu gajeru masu ƙafa kamar an datse, sai ya yi dariya har da tari. Na ce masa su ɗin da yake rainawa su ne ke jure ƙudan tsando da danshin nan, irin nasa dogaye ba sa kai labari a bakin kogi. Ya ce in bar masa fatar baki. Wuri ɗaya ne na ga dariyar ta ɗauke, inda muka wuce buhunan gawayi an jibge a bakin titi, bayansu kuma kututture baƙi ƙirin inda dā kurmi ne. Ya daɗe yana waiwaye, sannan ya ce, "Namu ma haka ya fara."

A Awe muka karya da gasasshiyar doya da manja da barkono. Doya a nan araha ce idan ka gwada da kasuwar Lafia, kifi banda ma haka, gishirin da ake dafawa a garin ne kawai ya yi tsada, don na rani ne da mata suka ajiye. Baffa ya so ya ga inda ake dafa shi, aka nuna masa fili ruwa ya shafe, aka ce ya dawo da rani. Muna nan ruwan sama ya ɗauke, rana ta fito da ƙarfinta, ƙasa ta shiga tururi. Wanda bai san zafin bayan ruwa a kwarin Binuwai ba, ya tuna tsayuwa a kan tukunyar tuwo. Ragon ya ƙi dusa, ya ƙi ruwa, sai haki.

Bayan Awe kwalta ta ƙare, laka ta karɓe mu, irin mai kama ƙafa ta ƙi saki. Mun tura mota har na daina jin kafaɗata, takalmina ɗaya yana can har yau. Wajen hantsi muka iso wani rafi da ya haye kan kwalbati ya rufe hanya. Ƙauyen ga shi can tsallake, ana hango rufin kwano ta tsakanin mangwarori. Direba ya sauka ya shiga da ƙafa, ruwa iya gwiwa. Ya ce mota ba za ta bi ba, amma mu kama ragon mu uku mu haye yanzu, kafin abin ya ƙaru.

Nan Baffa ya kafe. Ya ce ragon da ke haki ba za a tsoma shi a ruwan sanyi ba, kuma ina dalilin gaggawa? Ruwa ya ɗauke, rana ta fito. Shi da korama ya girma: idan ta kawo, a zauna a bakinta a sha fura, kafin a wanke ludayi ta janye. Sai ya yi abin da ake yi a garinsu, ya ɗauki sandarsa ya kafa ta daidai bakin ruwa don ya ga yadda yake sauka, ya shimfiɗa darduma a gindin wata ɗorawa ya zauna.

Na durƙusa na yi masa bayani da duk ladabin da aka koya mini. Na ce Baffa, koramarku ruwan da ya sauka a kanku take ɗauka. Wannan kuwa ruwan da aka yi can kan duwatsu jiya da shekaranjiya ne yake isowa, ga Binuwai ya cika ya batse, ba ya karɓar na kowa, turo shi yake baya. Na tsinki ganye na jefa, muka ga yana komawa baya maimakon ya gangara wajen kogi. Baffa ya ce iska ce. Babu ko iskar da za ta motsa gashin ragon! Wasu mata 'yan Tibi suka zo da daro a ka, suka tattare zane suka shiga. Babbarsu ta juyo ta ce, "Baba, ka taso. Wannan ruwa ba ya tafiya, zuwa yake yi." Ya ɗaga mata hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Jama'a, akwai azabar da ta kai ka san gaskiya, kowa a wurin ya san ta, amma mai musun ƙanin ubanka ne? Ba dama ka ɗaga murya, ba dama ka fizge igiya. Na cika fam, na koma bayan mota na yi tsakin da ban isa in yi a gabansa ba. Ruwa ya taɓa sandar. Ya kewaye ta. Baffa ya ja dardumarsa baya, ya ce kafin ya sauka dama sai ya ɗan ƙara. Ya sake ja. Ƙudan tsando suka gano mu, cizonsu kamar an soka maka allura mai zafi, ragon ya dinga zabura yana buga ƙaho a jikin mota. Kafin rana ta take tsaka, sandar tana tsakiyar ruwa, kanta kawai ake gani, inda direba ya tsaya iya gwiwa kuwa yanzu zai shanye mutum.

Matan nan sun kai labari, don haka dangin mijin suka gangaro bakin rafi ta can, har da liman. Waya babu sabis. Suka turo wani mai kamun kifi da kwalekwalensa, siriri, na itace ɗaya. Ya dubi ragon ya girgiza kai, amma azahar ta gabato, babu wata dabara. Muka ɗaure ƙafafunsa muka kwantar da shi a ciki. An ɗan tura kenan tsando ya sauka masa a kunne. Ya yi wata irin zabura, kwalekwale ya kife, rago ya nutse da ƙafafu a ɗaure.

Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba. Ni da direba muka lalubo ƙaho muka jawo shi gaɓa. Ya sha ruwa, ya kwanta, ido ya juye, numfashi sama-sama. Direba ya ce, "Baba, abeg, don Allah a sa wuƙa, zai zama mushe." Baffa ya zaro wuƙarsa, ya durƙusa a laka da farar rigarsa, sannan ya tsaya cak. Ya ce, "Ba a yanka ragon suna babu suna."

A nan muryata ta tafi. Na tsaya bakin ruwa na dinga kwarara ihu: a raɗa suna, rago zai mutu, a raɗa suna yanzu! Mai kwalekwale ya juyo da kwalekwalensa, ya koma tsakiya yana miƙa maganar. Muka hango mutane sun zauna a kan ciyawa, liman ya ɗaga hannu, aka shafa. Sai mai kwalekwale ya juyo ya ƙwala sunan. Sunan Baffa ne. Ɗansu na fari, da iyayensu da kakanninsu a raye, suka ba mutumin da bai taɓa taka garinsu ba. Baffa ya yi bisimilla ya yanka, ragon ya shure da ƙarfi, kowa ya ce Alhamdulillahi.

Mutanen da ruwa ya tare tare da mu suka taya mu fiɗa, wata ta ara mana daro. Nama ne ya fara hayewa, an ɗora kan da ƙahonsa a sama, kuma tun kafin ya isa muka ji guɗa ta tashi. Sai Baffa. Mutumin da ya ƙi ruwa iya gwiwa, ga shi a tsugune cikin kwalekwale, ido a rufe, ya riƙe gefe da hannu biyu yana karanto duk abin da ya haddace. Allah ya yafe mini, na yi dariya.

Ƙanwata tana ɗaki da jariri. Da ta ga ubanta a bakin ƙofa, laka har gwiwa, jinin rago a hannun riga, sai ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, tana cewa, "Baba, ka zo." Ya ce, "Ai na ce zan zo." A tsakar gida kuwa matan da ke tambayar ko danginta sun san hanya suna ta zagaya ƙahon, suna kiran maƙwabta su zo su gani. Mun ci tuwon shinkafa da miyar kifi, mun kwana, sauro ya karɓi rabonsa.

Da safe rafin ya ƙara faɗi, sandar ta ɓace gaba ɗaya. Muka haye, muka tarar da direba ya dawo daga Awe inda ya kwana. Baffa ya zuba wa hanya ido har muka wuce Obi. Na ɗauka tunani yake, har na fara tausaya masa. Sai ya gyara zama ya ce, "Da mun ƙara haƙuri kaɗan, da ya janye." Direba ya kusa sakin sitiyari. Ni kuwa na ciji leɓe na kalli gonakin doya har Lafia.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne kowace ƙasa da halin ruwanta, kuma wanda ya tsufa da na yashi ba ka isa ka koya masa na laka da baki ba. Na kuma koyi cewa in dattijo ya shimfiɗa darduma a bakin rafi, ka fara neman mai kwalekwale tun da sauran lokaci.

Washegari na raka shi tasha. Ya shiga mota ya zauna, sai ya yafito ni ta taga, ya rage murya kamar kada fasinjoji su ji. Ya ce, "Ruwan ƙasar nan taku, wane lokaci yake komawa?" Na ce sai an gama girbin shinkafa, rani ya kama sosai. Ya gyaɗa kai, ya dubi gaba.

"To ka gaya wa direban nan ya shirya. Sandata tana can."